Tabbatar da Nasaba Bayan Mutuwar Uba: Tarihin Gwajin DNA da Rigimar Zuriyar Jefferson

Masana shari'a sun daɗe da lura cewa uwa ba ta ɓuya, domin a gaban ungozoma ake haihuwa, da shaidu kuma ake yanke cibiya. Uba kuwa, sai dai a yi masa hukunci da alama. Wannan ne ya sa duk al'ummar da ta tsara dokokin aure da na gado sai da ta nemi wata ƙa'ida da za ta dogara a kanta wajen jingina ɗa ga ubansa. Rumawa sun ɗauki mijin uwa a matsayin uba. Shari'ar Musulunci ta jingina ɗa ga shimfiɗar aure, ta karɓi iƙirari da shaidu, sa'an nan ta ajiye li'ani domin mijin da ya rantse cewa ɗan ba nasa ba ne. Larabawa kuma suna da wani ilmi da ake kira ƙiyafa, watau gane dangantaka ta hanyar duban kama da gaɓoɓi. Sanannen labari ne cewa wani gwanin wannan ilmi mai suna Mujazziz, na ƙabilar Mudlij, ya tarar da Zaidu ɗan Harisa da ɗansa Usama suna kwance sun lulluɓe kawunansu, ƙafafunsu kaɗai ke waje, ya duba ya tabbatar da cewa jini ɗaya ne, alhali launin fatarsu ya bambanta ƙwarai. Malaman fiƙihu sun yi saɓani a kan matsayin ƙiyafa: Hanafawa ba su ɗauke ta hujja ba, sauran mazhabobi sun karɓe ta bisa sharuɗɗa.

Faransa ta bi wata hanya dabam. Kundin dokokin Napoleon na 1804 ya hana ɗan da aka haifa ba ta hanyar aure ba ya kai ƙarar neman ubansa, ba a kuma sassauta wannan doka ba sai a 1912. Fiye da shekara ɗari ke nan dokar tana tsare mutuncin maza masu hali, tana bar wa uwa kaya ita kaɗai.

Galibin waɗannan hanyoyi suna bukatar uban yana raye. Idan ya kwanta dama, babu mai yin iƙirari, babu mai rantsuwa, babu kuma ƙafar da gwanin ƙiyafa zai duba. Abin da ya rage sai maganar uwa da ta dangin mamaci, wadda ta fi ƙarfin gida kuwa ita ake ji.

Daga rukunin jini zuwa DNA

A 1901 wani likitan Biyana, Karl Landsteiner, ya bayyana cewa jinin 'yan Adam ya kasu rukuni-rukuni. Kafin 1925 an riga an gane yadda ake gadon rukunan A, B, AB da O, kotunan Jamus kuma suka fara karɓar gwajin. Amma gwajin jini yana iya kore uba ne kawai. Ba ya iya nuna shi, tun da miliyoyin mutane ke tarayya a rukuni guda. Har koren ma ba kullum alƙalai suka yarda da shi ba. A shari'ar da aka yi wa ɗan wasan kwaikwayon nan Charlie Chaplin a Kalifoniya, likitoci sun shaida cewa jininsa O ne, na uwar yarinyar A, na yarinyar kuwa B, watau ba yadda za a yi ya zama ubanta. Duk da haka a 1945 masu taimaka wa alƙali suka kwatanta fuskarsa da ta yarinyar, suka saurari lauya mai baki, suka ɗora masa ita, aka yanke masa biyan dala 75 kowane mako har ta kai shekara 21. Sai a 1953 jihar ta gyara dokarta.

Abin da ya canja lissafin ya faru ne a Jami'ar Lesta ta Ingila, ranar 10 ga Satumba 1984, sa'ad da Alec Jeffreys ya lura cewa akwai wasu wurare a cikin DNA, watau sinadarin da ke ɗauke da gadon halitta, inda tsarin ke maimaita kansa, yawan maimaicin kuma ya bambanta daga mutum zuwa mutum. Kowane ɗan Adam yana da zaren gado 46 a cikin ƙwayoyin jikinsa, 23 daga uwa, 23 daga uba. Saboda haka duk alamar da aka gani a jikin ɗa, idan babu ita a jikin uwa, lalle daga uba ta zo. Gwajin yau yakan duba irin waɗannan wurare wajen ashirin. Idan duk sun dace, yiwuwar ubantaka takan haura kashi 99.9 cikin ɗari.

Aikin farko da aka yi da wannan ilmi, a 1985, ya shafi wani yaro ɗan asalin Gana da aka haifa a Ingila. Ya je wurin ubansa a Gana, da ya dawo sai jami'an shige da fice suka yi zargin an musanya shi da wani, suka yi niyyar mai da shi. Uban ba ya nan balle a ɗebi jininsa. Jeffreys ya ɗauki jinin uwar da na 'ya'yanta uku waɗanda babu shakka a kansu, ya cire abin da suka gada daga gare ta, abin da ya rage ya zama hoton gadon uban. Da aka gwada yaron, sai ga shi ɗan uwar ne, kuma ubansu ɗaya da sauran. Hukuma ta janye. Ashe tun daga shari'ar farko an nuna cewa ana iya karanta uba a jikin danginsa ba tare da an gan shi ba.

Idan uba ya mutu

Hanya mafi sauƙi ita ce a sami wani abu na jikin mamacin da aka adana, kamar tsokar da asibiti ya yanka domin bincike. Idan babu, sai ko dai a tone kabari, ko a koma ga dangi. Tonon kabari ya fi tayar da hankali, kuma sau da dama ba ya biya wa mai ƙara bukata. Mawaƙin Faransa Yves Montand ya mutu a 1991 bayan ya ƙi ba da jini a wata ƙarar ubantaka. Kotu ta sa aka tono shi a watan Maris 1998, gwaji ya nuna ba shi ne uban ba. Abin ya yi wa Faransawa ɗaci, har a 2004 aka yi dokar hana gwada mamaci don neman nasaba sai in ya ba da izini tun yana raye. Haka aka tono mai zanen nan na Sifen, Salvador Dalí, a 2017, sakamakon kuma bai goyi bayan mai ƙarar ba.

Komawa ga dangi ya fi yawa. Kaka da jika suna tarayya a wajen rubu'in gadonsu, haka ma 'yan uba. Kakanni mata na Ajantina, waɗanda mulkin soja na 1976 zuwa 1983 ya kashe musu 'ya'ya ya kuma raba jariran ga wasu gidaje, su ne suka matsa wa masana har aka fitar da lissafin gane jika ta jinin kakanni; an kafa rumbun adana samfurin jininsu a 1987, an kuma gano jikoki fiye da 130. Sai dai wannan tarayya tana raguwa da rabi a kowane hawa na zuriya, ta yadda bayan hawa shida ko bakwai sai ta dushe. Akwai zare guda da ba ya bin wannan ƙa'ida, shi ne zaren Y, wanda namiji kaɗai ke da shi, yana kuma miƙa shi ga ɗansa namiji kusan yadda ya karɓe shi daga ubansa. Wannan zare ne ya shiga rigimar da Amurkawa suka yi kusan shekara ɗari biyu suna yi.

Jefferson da Sally Hemings

Thomas Jefferson, shugaban Amurka na uku, ya yi mulki daga 1801 zuwa 1809. Shi ne ya tsara takardar shelar 'yancin ƙasar ta 1776, wadda ta ce an halicci mutane daidai da juna, shi ne kuma ya mallaki bayi fiye da 600 a tsawon rayuwarsa, yawancinsu a gandunsa na Monticello da ke jihar Bajiniya. A 1773 surukinsa John Wayles ya mutu, matar Jefferson, Martha, ta gaji bayi 135, cikinsu har da wata baiwa mai suna Elizabeth Hemings da 'ya'yanta. Ɗaya daga cikin 'ya'yanta, Sally, jaririya ce a lokacin, kuma bisa ga abin da aka ruwaito Wayles ne ubanta. Watau Sally ƙanwar uwargida ce ta wajen uba, kuma baiwarta.

A nan ya kamata a tsaya a kan dokar Bajiniya ta 1662, wadda ta ce ɗa yana bin matsayin uwarsa. Mai karatun da ya saba da hukuncin fiƙihu, inda ɗan da ubangiji ya haifa da ƙwarƙwararsa yake ɗa mai 'yanci, yana gado daidai da 'ya'yan matan aure, har yakan hau gadon sarauta kamar yadda aka sha gani a ƙasar Hausa, zai ga nisan bambancin. A Bajiniya ɗan baiwa bawa ne ko wane ne ubansa. Dukiya ne, ana iya jinginar da shi, ana iya sayar da shi don biyan bashi. Doka ba ta tambayi sunan uba ba, saboda haka ba a rubuta shi.

Martha ta rasu a 1782. Jefferson ya tafi Faris a 1784, ya zama jakadan ƙasarsa, a 1787 kuma aka aiko masa da 'yarsa ƙarama tare da Sally a matsayin mai rakiya. Shekarunta wajen 14, nasa 44. Sun komo a ƙarshen 1789. Tsakanin 1795 da 1808 Sally ta haifi 'ya'ya shida a Monticello, huɗu suka rayu: Beverly, Harriet, Madison da Eston. A littafin gandunsa Jefferson ya rubuta sunayensu da shekarun haihuwarsu a jerin bayi.

A watan Satumba 1802 wani ɗan jarida, James Callender, ya buga a wata jaridar Richmond cewa shugaban ƙasa yana ajiye da baiwa mai suna Sally, har sun haihu. Callender tsohon ɗan koren Jefferson ne da aka hana muƙamin da ya nema, mashayi ne kuma, saboda haka ya yi sauƙi a ce ƙazafin mai jin haushi ne. Jefferson bai taɓa amsa maganar a bainar jama'a ba. Jikokinsa ne suka amsa bayan mutuwarsa. Ba su musa kamar ba. Babban jikansa ya faɗa wa wani marubuci cewa akwai ɗaya daga cikin yaran wanda in an hango shi da magariba sai a ɗauka Jefferson ne. Abin da suka ce shi ne kamar ta zo ne daga 'ya'yan ƙanwar Jefferson, Peter Carr ko Samuel Carr. Jikan ya ambaci Peter, 'yar'uwarsa kuwa a wata wasiƙa ta 1858 ta ambaci Samuel.

Ɗaya ɓangaren ya yi magana a 1873, sa'ad da Madison Hemings, kafinta a jihar Ohayo, ya ba wata ƙaramar jarida tarihin rayuwarsa. Ya ce Jefferson ne ubansa da na 'yan'uwansa. Ya ce uwarsa ta ɗauki ciki tun a Faris, ta ƙi komowa domin a can tana iya neman 'yancinta, sai da Jefferson ya yi mata alkawarin 'yanta 'ya'yanta in sun kai shekara 21. Ya ce ɗan wannan ciki bai daɗe ba ya mutu. Abin da ya faru kuwa ya yi daidai da alkawarin. A 1822 Beverly da Harriet suka bar Monticello ba wanda ya bi sawunsu, suka saje da Turawa. Madison da Eston aka 'yanta su a wasiyyar 1826. Babu wata baiwa a gandun da aka 'yanta dukan 'ya'yanta sai Sally, alhali Jefferson ya mutu da bashin fiye da dala 100,000, har a farkon 1827 aka yi gwanjon bayinsa 130.

Ga ruwaya biyu ke nan, dukansu na baka, dukansu daga masu ruwa da tsaki. Abin da ɗalibin tarihi ya kamata ya lura da shi shi ne yadda manyan masana suka auna su. Kusan shekara ɗari suna ɗaukar maganar jikoki shaida, ta Madison kuwa tatsuniyar tsohon bawa mai neman suna, ko kuma abin da wani editan siyasa ya sa masa a baki. Dumas Malone, wanda ya rubuta tarihin Jefferson mujalladi shida, ya kafa hujja da cewa halin mutumin ba zai bar shi ya aikata haka ba. Wannan hujja ce mai zagaye, domin halin da ake kafa hujja da shi shi ne abin da ake bincike. Winthrop Jordan ya nuna tun 1968 cewa Jefferson yana gida wata tara kafin kowace haihuwa ta Sally, duk da yawan tafiye-tafiyensa. Fawn Brodie ta gaskata labarin a littafinta na 1974, aka yi mata ca. Sai a 1997 wata masaniyar shari'a, Annette Gordon-Reed, ta jera shaidun ɓangarorin biyu kamar a gaban alƙali, ta nuna cewa ba da mudu ɗaya aka auna su ba.

Gwajin 1998

Wanda ya shirya gwajin wani likitan binciken cututtuka ne da ya yi ritaya, Eugene Foster. Matsalarsa ta farko ita ce Jefferson bai bar ɗa namiji ta wajen matarsa ba. 'Ya'ya mata biyu ne suka girma, mace kuwa ba ta ɗauke da zaren Y. Ba a yi maganar tone kabari ba. Foster ya hau sama, zuwa ga kakan Jefferson na wajen uba, sa'an nan ya gangaro ta wajen baffansa Field Jefferson, ya sami maza biyar da suka fito daga tsatsonsa namiji bayan namiji. Zarensu shi ne zaren shugaban. Ya sami maza uku daga gidan Carr, waɗanda dangantakarsu da Jefferson ta wajen mace ce, don haka zarensu dabam ne. Ya sami mutum guda daga zuriyar Eston. Ya kuma sami biyar daga zuriyar wani Thomas Woodson, waɗanda suka gaji labarin cewa kakansu shi ne ɗan cikin Faris, bai mutu ba, an dai fitar da shi daga gandun. An yi aikin a ɗakunan gwaji na Oksfod da Lesta da Leiden, aka buga sakamakon a mujallar Nature ta 5 ga Nuwamba 1998.

Zaren jikan Eston ya dace da na gidan Jefferson a duk alamomin da aka duba, kuma irin wannan zare ba shi da yawa a cikin Turawa. Bai dace da na Carr ba. Na Woodson bai dace da na Jefferson ba ko kusa. Da gwaji guda ruwayar jikoki ta faɗi game da Eston, ta Woodson ma ta faɗi, wadda ta tsaya ita ce ta Madison, har da abin da ya ce game da ɗan farko. Abin tausayi a nan shi ne zuriyar Woodson, waɗanda suka riƙe labarinsu da gaskiya hawa bayan hawa. Su kuwa jikokin Eston, wanda ya koma Wiskonsin a 1852 ya ɗauki sunan Jefferson ya zauna a matsayin Bature, sun riga sun ɓoye asalin, suna gaya wa 'ya'yansu cewa daga wani baffan shugaban suka fito.

To, amma me gwajin ya tabbatar? Kan labarin da mujallar ta sa ya ce Jefferson ne uban ɗan autan baiwarsa, wannan kuwa ya zarce abin da zaren Y ke iya faɗa, kamar yadda Foster da kansa ya bayyana bayan 'yan watanni. Zaren yana nuna gida ne, ba ya ware mutum ɗaya daga cikin mazan gidan. A lokacin da aka ɗauki cikin Eston akwai maza baligai fiye da ashirin a Bajiniya masu ɗauke da shi. Bugu da ƙari, ɗa guda aka gwada cikin shida. Masu kare Jefferson suka kama wannan ƙofa, suka kawo sunan ƙanensa Randolph, wanda gidansa ke da nisan mil ashirin daga Monticello, wanda kuma aka gayyata ziyara a watan Agusta 1807, dab da lokacin cikin. Wani kwamitin masana da suka kafa ya ba da rahoto a 2001, mafi yawansu suka ce zargin bai tabbata ba.

Wannan hujja tana da rauni a wuri biyu. Babu takardar da ta nuna Randolph ya amsa gayyatar, kuma jikokin Jefferson, waɗanda suka zauna a gidan suka san mai shiga da mai fita, ba su taɓa ambatarsa ba sa'ad da suke neman wanda za su ɗora wa. Sunansa bai fito fili ba sai da na Carr ya faɗi. Sa'an nan Sally ba ta taɓa ɗaukar ciki ba a lokacin da Jefferson ba ya gida, ko da yake yakan yi watanni a Filadelfiya ko Washinton. Saboda haka aikin ya koma hannun masu tarihi: gwaji ya rage da'irar zuwa gida guda, littafin tafiye-tafiyen Jefferson da wasiyyarsa da ruwayar Madison suka rage ta zuwa mutum guda. Gidauniyar da ke kula da Monticello ta yanke a watan Janairu 2000 cewa mafi rinjayen zato Jefferson ne uban Eston, kuma mai yiwuwa na dukan shidan. Joseph Ellis, wanda ya yi shakkar labarin a littafinsa na 1997, ya canja ra'ayi da fitowar sakamakon. A 2018 gidauniyar ta bayyana cewa ta ɗauki maganar a matsayin wadda aka gama, ta kuma buɗe wa masu ziyara ɗakin da ake jin Sally ta zauna a ciki.

Sanin uba ta hanyar ilmi bai zama ɗaya da karɓar ɗa a cikin dangi ba, kowace al'umma kuma da inda ta ja iyakarta. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, a zamanta na Makka a 2002, ta halatta amfani da gwajin wajen gano nasabar da ta rikice, kamar jariran da aka musanya a asibiti ko waɗanda yaƙi ya raba da iyayensu, amma ta hana a kore nasabar da ta tabbata da shi, ko a sa shi a madadin li'ani. A shekarar nan ta 2002 ƙungiyar zuriyar Jefferson ta wajen 'ya'yansa mata, wadda ke riƙe da maƙabartar iyali a Monticello, ta jefa ƙuri'a a kan shigar da zuriyar Hemings, ta ƙi da babban rinjaye. Wasu daga cikin 'yan ƙungiyar ba su ji daɗin haka ba, suka riƙa yin taron zumunci da zuriyar Hemings a wajen ƙungiyar.

Ita Sally ba ta cikin waɗanda aka 'yanta a wasiyya. 'Yar Jefferson ce ta sallame ta ba tare da takarda ba, ta koma garin Charlottesville wurin Madison da Eston, ta rasu a can a 1835. Ba ta bar rubutu ko hoto ba, kabarinta kuma ba shi da alama.